Zoben da Gide Bai Cire Ba

Duk wanda ya yi harka da mota tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a shekarun da kuɗin fetur suka fara shigo wa mutane, ya san Gide bakanike, ko aƙalla ya ji labarin hannunsa. Gajere ne, mafaɗaci, ba ya doguwar gaisuwa. Amma Allah ya yi masa hannu siriri da yatsu zara-zara kamar na mai kitso, har abokan wasansa na ce masa Hannun Amarya. Ya tsani sunan nan, shi ya sa ya bi shi.

Ɗan 'Yargoje ne. Shekara bakwai ya yi yana koyon gyara a Funtuwa, wajen wani maigida da bai taɓa buɗe baki ya yabe shi ba. Sai ranar yaye mutumin ya zare zoben azurfa daga yatsansa ya sa masa. Gide ya fi ƙaunar zoben nan a kan komai nasa.

Aikinsa da ya fita daban shi ne notin da ya ɓuya. Idan bakanikai sun yi sun yi sun rasa yadda za su kai ga wani lungu na inji, har sun fara maganar sauke injin gaba ɗaya, sai a aika a kira Gide. Kuma tsarinsa ɗaya ne, ba ya canjawa. Zai cire zoben ya jefa cikin hularsa, ya shafa man gyaɗa har gwiwar hannu, sannan ya rufe ido ya zura. Cewa yake ido ba abin da yake gani a can ciki, sai ruɗa mutum. Ka kuskura ka yi masa magana a wannan lokaci, ka sha zagi har da na kakanka.

A shekarar da kowa ke sayen Fijo sabuwa dal, shi kuwa Gide ya je gwanjon wata ma'aikata ya kwaso gawar Landiroba. Gawa mana, injinta ma a buhuna aka kawo shi. Shekara biyu yana harhaɗa ta a ƙofar gida, masu wucewa na yi masa jaje. Tayoyinta kuwa, sai da matarsa Safara'u ta rabu da tumakinta. Da motar ta tashi, ita ta riƙe gidan, don masu sababbin motoci sun rage zuwa gyara. Da damina kuma, idan hanya ta lalace, ba motar da ke shiga Damari sai ita.

To, ga sakarcin bakanike da motarsa. Akwai ɗan famfon da ke tsotso fetur daga tanki ya kai wa inji, maƙale a gefen injin can ƙasa, noti biyu ke riƙe da shi, ɗaya a gaba, ɗaya a baya inda ba a gani. Famfon ya fara gajiya, motar na tari a kan hawa. Gide ya sayo wani a Funtuwa, ya naɗe shi a tsumma ya cusa ƙarƙashin kujera. Mako uku yana nan. Kullum Safara'u sai ta ce, "Malam, ka sa abin nan?" shi kuma ya ce gobe.

Ranar wata Talata cikin Agusta ya taso daga Faskari bayan azahar za shi Damari, da buhunan takin zamani da fasinja huɗu, sai abokinsa Nata'ala dillalin hatsi a gaba. Kafin Damari akwai wani rafi mai faɗi, yashi zalla, ranar nan ko ɗigon ruwa babu a cikinsa. Suna tsakiyarsa cif motar ta yi tari sau biyu ta mutu.

Aka sauke taki aka kai tudu. Aka tura, tayoyi suka ƙara nutsewa. Suka durƙusa suna tonon yashi da hannu kusan rabin awa, a banza. Sai ga wani tsohon makiyayi, Baba Mani, ya tsaya a gaɓa da sandarsa a kafaɗa, ya nuna gabas inda sama ta yi baƙi ƙirin.

"Ruwan can ya daɗe da sauka," in ji shi. "Yana bisa hanya. Ku fidda ta kahin la'asar."

Gide ɗan ƙasar ne, ba ya bukatar ƙarin bayani. Ya san rafin nan na cika ba tare da an yi ko yayyafi a kansa ba, ya kuma taɓa ganin ya tafi da sa biyu da amalankensu. Ya buɗe murfin inji, ya jawo tsumman daga ƙarƙashin kujera.

Ya kama zoben ya ja. Tonon yashi ya kumbura masa yatsu, zoben ya tsaya a gaɓa. Da ya ba shi minti ɗaya da ɗan mai, da ya fita. Daidai nan aka yi tsawa, ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ƙyale zoben. Ya shafa mai, ya rufe ido, ya zura hannu.

Kwance tsohon famfon bai ba shi wahala ba. Sa sabon ne aiki. Notin gaba ya shiga nan da nan. Na baya kuwa, dole ya kwanta da ƙirjinsa a kan mota, hannu ya bi ta bayan ƙarfe ya lanƙwaso, yatsu biyu kawai ke kaiwa. Injin da sauran zafinsa, yana gasa masa bayan hannu. Sau biyu notin na karkacewa yana sake ɗora shi. Nata'ala na riƙe da sifana yana motsa baki.

Kumfa ce ta fara isowa, da karmami da 'yan itatuwa, tana tafiya a hankali a kan yashi. Gide bai gan ta ba, sanyinta ya ji a tafin ƙafarsa. Ya karɓi sifana ya lallaba ta ciki. Wurin bai ba da damar juyawa sai kaɗan kaɗan, ya juya, ya sake kamu, ya juya. Lokacin da notin ya ɗaure, ruwa ya rufe masa idon sawu.

Ya ja hannunsa, hannu ya ƙi fita.

Zafi ya ƙara kumbura shi, zoben kuma ya saƙale a kan wata ƙusa tsakanin sabon famfon da jikin injin. Ya murza dama, ya murza hagu. Nata'ala ya tsiyaya masa sauran man gyaɗar duka, ba abin da ya motsa.

"Gide, mi za a yi?" in ji Nata'ala.

Gide ya san abin da za a yi sarai. Idan ya kwance notin gaba da ɗaya hannun ya sassauta famfon, wuri zai samu, hannu ya fito lafiya. Amma ba sauran lokacin sake ɗaurewa. Ruwa ya kai ƙwauri, idan ruwan ya taɓa wayoyin wuta motar ba za ta tashi ba, ko waye bakanikenta.

Baba Mani ya yi magana daga gaɓa, bai ko ɗaga murya ba. "Wanga ɗan aike ne. Ku saurara, ga babban nan."

Suka ji shi, wani gurnani can nesa kamar manyan motoci a jere.

"Kwance ka fito," in ji Nata'ala. "Mota ce fa. Don Allah, Gide."

Gide ya tuna tumakin Safara'u, da bakuna bakwai da ke ci daga motar nan. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya ce bismillahi, ya dafe mota da gwiwa, ya fizge.

Hannun ya fito, zoben ya zauna a ciki da naman yatsan. Nata'ala ya kau da kai. Ba wanda ya iya tuƙi a cikinsu, don haka Gide da kansa ya naɗe hannun da hularsa ya shiga. Ya murɗa makulli, inji ya yi ta juyi bai kama ba, fetur bai iso ba tukuna. Ya sake. A na uku ta tashi. Ya sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, maza biyar na turi ruwa har cinya, motar ta yunƙura ta haye tudu. Ba su gama mayar da numfashi ba rafin ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa, da kututturen itace a kansa.

A asibiti aka ƙarasa yanke yatsan. Sauran hannun ya warke, amma ya yi kauri ya sandare, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Safara'u ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, tana dafa masa ruwan gashi tana kuka. A na huɗu ta ce, "Mako uku ina ce maka ka sa shi." Gaskiya kuwa ta faɗa.

Motar ta ƙara shekara tara tana shiga Damari, famfon nan bai sake tari ba ko sau ɗaya. Zoben na can inda yake, Gide bai yarda kowa ya kwance wurin ba.

Wata shida bayan abin, wani direba ya zo takanas daga Sabuwa. Bai ji labari ba. Ya ce akwai wani noti a bayan injin motarsa da ya gagari bakanikai uku, an ce masa sai Hannun Amarya. Gide ya miƙe tsaye, ya cire hularsa ya ajiye a kan benci, ya kai hannun hagu zai zare zobe. Yatsunsa suka kama gurbin yatsan da aka yanke.

Sannan ya ɗauki hular ya mayar kansa.

"Ku sauke injin," in ji shi. "Babu mai kai muku can yanzu."