Gambo da Makwancin Jan Baki

Idan ka shiga Garin Ɗan'auta ka tambayi Gambo, sai a ce maka, "Wanne? Gambo tela ko Gambo mai tsuntsu?" To, na biyun nake nufi. Siririn dattijo ne mai dogayen ƙafafu, shekarunsa sittin da huɗu, kuma ban da noma sana'arsa ɗaya ce tak, wadda ba ta tashi sai shekarar da jan baki suka sauko wa gero. Shi ne mai nemo inda suke kwana.

Kada ka raina wannan aiki. Jan baki ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma in suka zo dubu bisa dubu gero yana madara, kwana biyar sun isa su bar maka kara tsaye da zangarniya wayam. Kora ba ta magani. A buga gwangwani, a yi ihu har murya ta dushe, su tashi daga gonarka su sauka a ta maƙwabcinka. Magani ɗaya mutanen wurin suka sani tun kakanni: a gano itatuwan da suke kwana a sare su, in sun rasa makwanci sai su ƙara gaba. Ganowar kuwa sai an hau dutse, gama bayan duwatsun arewa suke shigewa da yamma, kuma duwatsun huɗu ne a jere, kowane ya tare bayan ɗan'uwansa.

A wurin mahaifinsa Gambo ya gaji aikin. Yana saurayi ya taɓa gudu zuwa Damagaram, ya yi dakon fatu a majema shekara biyu, warin jima ya ishe shi ya dawo gida. Tun daga nan sau tara yana hawa duwatsun nan saboda tsuntsu, kuma sau taran bai dawo da ƙarya ba.

Bana da jan baki suka sauko, Maigari Inusa ya hau babur ya tafi gidan gona, ofishin malaman noma. Aka ce masa motar feshi tana wani gefen, sai nan da kwana goma. Kwana goma! Ya dawo ko gida bai shiga ba ya wuce ƙofar Gambo, ya miƙa masa salularsa ya ce, "Ɗan'uwa, abincin gari yana ƙafarka. In ka gani ka kira ni, mu kwana da shiri."

Sa'a, matar Gambo, tana jin su daga tsakar gida. Da ya shigo ta ce, "Malam, da wace gwiwar? Jiya da ƙyar ka miƙe daga sujada, ina kallonka."

"Ke dai dama mini fura, ki cika gora."

"Zan dama. Amma in ka maƙale a bisa, ni ba mai ɗauko ka ba ce."

Yana idar da asuba ya kama hanya. Dutse na farko, Mai Hula, ba shi da wuya, akuyoyi ma suna hawansa. Ya kai bisa gari na wayewa, ya tsuguna, sai ga tsuntsayen sun fito ta kafaɗar dutse na biyu kamar hayaƙin gobara, suka wuce ta kansa zuwa gonaki. Ya riƙe wurin da suka ɓullo a ransa. Daga nan kuma ba sama ake duba ba, ƙasa ake duba, gama tsuntsu safe da yamma hanya ɗaya yake bi, kuma kashinsa yana zuba a kan duwatsu fari-fari. Wannan farin shi ne hanyar Gambo.

Dutsen Kura, na biyu, shi ne mugun. Sulɓi gare shi, ba wurin kamawa. Ya cire takalmansa ya rataya a wuya, ya hau da hannu da ƙafa, dutsen kuwa ya fara ɗaukar zafin hantsi. Hawa dai da sauƙi, numfashi kawai take ci. Gangara ita ce mai cin gwiwa. A rabin gangarar gwiwar hagun ta ƙi lanƙwasuwa, ya zauna ya riƙa jan gindi kamar mai koyon rarrafe, yana dariyar kansa, yana godiya ga Allah da ba mai ganinsa.

Na uku Tagwaye ake ce masa, kawuna biyu gare shi. Nan Gambo ya yi abin da bai taɓa yi ba. Farin kashin ya nuna yamma ƙarara, shi kuwa ya hau na gabas. Ya ce wa kansa wai daga can an fi gani. Ya ɓata fiye da sa'a guda, ya isa, ya dudduba, ko ɗigo ɗaya babu. Ya tsaya rana tsaka yana haki, ya gaya wa kansa gaskiya: ba kuskure ya yi ba, tsoro yake ji. Ya san abin da ke yamma, shi ya sa ƙafarsa ta ja shi gabas.

Ruwan gorar ya yi ƙasa, sai ya yi taimama ya sallaci azahar, ya kurɓi sauran furar. Ya sauka, ya hau kan yamma. Farin yana nan shimfiɗe, ya miƙe sak zuwa Doguwa, dutse na huɗu.

Yadda ya hau Doguwa, shi kansa bai iya ba da labari. Taku ashirin ya tsaya, taku ashirin ya tsaya. Tafin ƙafarsa ya tsage wuri biyu. Ya sallaci la'asar a zaune cikin inuwar wani kogo. Rana ta yi ja sa'ad da ya ɗora ƙirjinsa a kan dutsen ƙarshe ya leƙa ƙasa.

A ƙasan akwai kwari, a kwarin akwai kurmin bagaruwa. Kurmin Yakuba ake kiransa, kuma Yakuba wan Gambo ne. Bayan babbar yunwa, lokacin da ƙasa ta zama fili fetal ko sandar kora babu, su biyun suka riƙa zagayowa nan ta hanyar shanu, suna neman tsofaffin kututture masu toho. Su rage rassa su bar biyu, su kewaye da ƙaya saboda awaki. Mutane suka yi ta musu dariya, wai masu noman ƙaya. Yakuba ya rasu itatuwan ba su fi tsayinsa ba, Gambo ya ci gaba shi kaɗai shekara talatin. Yau matan gari nan suke zuwa tsintar bagaruwa a kai wa majema, nan makiyaya suke ƙailula. In kewar wansa ta taso masa, nan yake zuwa ya zauna.

Ya yi addu'a tsuntsayen su wuce kurmin. Wallahi ya yi. Sai ga su, ayari bayan ayari, suna kwararowa ta kan Tagwaye. Suka yi kewaye ɗaya suka zuba cikin kurmin, rassa suna sunkuyawa, kukansu ya cika kwarin.

Ba wanda ya hau tare da shi. In ya ce duhu ya riga shi, wa zai musa? Tsoho ne, gwiwa ta ƙi, kowa zai ce sannu. Ya daɗe yana juya salular a hannunsa. Sai ya tuna rumbunan gari, waɗanda tun watan jiya ake jin ƙasansu in an zura ƙwarya. Ya share fuskarsa da hula, ya matsa inda ake samun rezo, wato sabis na waya, ya kira.

"Maigari, na gani."

"Alhamdu lillahi! A ina?"

"Kurmin Yakuba."

Inusa ya san matsayin kurmin a wurin Gambo. Sai ya ce a hankali, "Gambo, yamma ta yi, ido yakan ruɗe. Ko za ka sake dubawa gobe?"

Gambo ya gane ƙofar da aka buɗe masa, ya kuma ji daɗin da aka buɗe ta. Ya ce, "Gobe gero ba zai jira ba. Ku wasa gatura. Abu biyu nake roƙo. Kada a sa wuta. Kuma a sara daidai gwiwa, kada a taɓa gindi, in an bar kututture zai sake toho."

"An yi maka. Shekara nawa kafin su koma yadda suke?"

"Ashirin, in Allah ya ba da ruwa."

Su duka biyun sun san shekarun Gambo. Zuciyarsa ta yi masa nauyi ƙwarai, bai kuma ɓoye wa kansa ba cewa shi da wannan inuwa sun yi sallama.

"A turo jaki ya ɗauko ka?" in ji Inusa.

"A'a. Ku same ni a kwarin da safe. Zan nuna muku inda za a sara, kada yaran nan su yi mini ɓarna."