Matar da Ba Ta Cin Abinci

Shekara ashirin da shida Inna Mai-ludayi tana dafa wa ma'aikatan kamfanin kwali abinci, kuma babu wanda ya taɓa ganinta zaune da faranti a gabanta. Da wannan ma take tunƙaho. Tukwane tara take juyawa, daga sassafe zuwa la'asar, a tsaye, tsakanin murhun gas da tagar da ake miƙa faranti. Maigidanta ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Kicin ɗin nan kaɗai ya rage mata, wurin da ake kiranta sau ɗari a wuni.

Sai jiki ya fara gajiya da ita. Da safe yatsunta ba sa lanƙwasuwa sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi, gwiwoyi kuwa kullum a kumbure. Ranar da ludayi ya suɓuce mata, miya ta fantsamar wa manaja a riga, sai ya tura ta ɗakin shan magani na kamfanin. Ya ce ya ba ta wata guda, in hannun bai dawo ba sai dai a nemo wata mai dafa abinci.

Nas ta auna ta, ta daɗe tana duba takarda.

"Inna, jininki ya hau, ciwon suga kuma yana bakin ƙofa. Akwai wani kumburi da ke cin jiki a hankali ta ciki. Ba abinci kaɗai ke kawo shi ba, amma man da aka yi ta maimaita suya da shi, da kayan zaƙi, suna rura shi. Gishiri kuma ga hawan jini. Me kike ci?"

"Ni? 'Yar nan, ai ni ba na cin abinci. Tambayi kowa."

"To ɗanɗanawa fa?"

"Ɗanɗano ai ba ci ba ne, aiki ne."

Nas ba ta yi musu da ita ba. Ta ce gobe ta ajiye kwano a gefen murhu, duk abin da ta kai baki ta zuba daidai shi a ciki.

Inna ta yi, don dai ta ƙaryata yarinyar. Cokalin miya kafin gishiri, cokali bayan gishiri, wani kuma don a tabbatar. Guntun nama da ya ƙone a mai, wanda ba za a ba kowa ba. Dankalin farko, don a ji ko man ya yi. Shayin ma'aikata, kurɓa uku kafin sugan ya zauna. Kafin azahar kwano ya cika, sai da ta ɗauko na biyu. Mai ya taso ya kwanta a sama.

Mai wanke-wanke, tsohuwar ƙawarta, ta leƙa ta riƙe baki. "Wa aka ajiye wa wannan? Wallahi ko kare sai ya yi shawara."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta kife bokiti ta zauna a kai, tana kallon abin da ta yi shekaru tana rantsuwa ba ta ci. Kunya ta ji, da wata irin gajiya da ba ta ƙafa ba.

Barin abin ya fi ganinsa wuya. Hannu da kansa yake tafiya baki, sai ta farga ta tofar. Ta koma ɗanɗana kowace tukunya sau ɗaya, aka yi mata ƙorafin gishiri kwana biyu. Ta roƙi manaja a riƙa canza man suya da wuri, ya ce za a duba, har yau ana dubawa. Tana shan magani. Abin da ya fi yi mata nauyi shi ne umarnin nas na ƙarshe: ta zauna ta ci abinci na gaske, wake, ganye, kifi, ɗan 'ya'yan itace, maimakon tsince-tsincen tsaye.

Sai da watan ya zo ƙarshe ta iya. Ta zuba a faranti, ta fito ta ƙofar da ba ta taɓa bi da rana ba, ta ja kujera a cikin ma'aikata. Ɗakin ya yi tsit.

"Inna, lafiya?" in ji wani direba. "Ko an sallame ki ne?"

"Ci zan yi, ɗan nan. Ko an hana?"

A loma ta uku wani ya ƙwanƙwasa tagar miƙa faranti yana kiranta, yana neman abinci. Ta yunƙura, gwiwa ta cije mata, ta koma ta zauna. Ta ce tukunyar ta jira.

Manaja yana tsaye a bakin ƙofa, kuma hannunta yake kallo. Ta sani. Ta damƙi cokalin a hankali. Yatsu huɗu suka lanƙwasu, na biyar ya ƙi. Ta ci gaba da ci da huɗun.