Hannun Inna na Hagu

Wanda bai sani ba zai ɗauka daga ranar da aka gama karatun jinya sai sa farin kaya. Ina! Sai ka samu babban asibitin da zai ɗauke ka horon shekara guda, in ba haka ba kana nan zaune da takardarka kamar ba ka yi karatun ba. Gurbin kaɗan ne, mu kuwa kamar fari. Shekarar farko na nema har na gaji. In hau babur daga Beli zuwa Rogo, wani lokacin har Karaye, don kawai in sami kafe mai intanet in tura takardu, amma ko kiran waya ban samu ba.

A wannan zaman jiran ne Inna ta faɗi. Inna kakata ce, mahaifiyar babana, ita ta ɗauke ni tun daga yaye. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, bakinta dai yana nan daram, don Inna ko a kwance take sai ta yi wa mutum tatas. Ni na zama mai jinyarta. Kullum da hantsi in ɗora ruwa, in surka, in gwada da gwiwar hannuna, in rufe ta da zane, in wanke ta gaɓa-gaɓa ba tare da na yaye ta gaba ɗaya ba. Hannun hagun nan ne aiki. Ya dunƙule tam, in an bar shi ciki ya yi gumi ya fara wari. In aka ja yatsun da ƙarfi ƙara damƙewa suke. Sai na tsoma shi a ruwan ɗumi, ina murza wuyan hannun, ina jan ta da hira, sannan ya saki, yatsa bayan yatsa.

“Likitar ƙauye, an zo cin zalin tsohuwa?” haka take tarbata.

“Ke dai tsohuwar nan ba kya godiya. A birni biya ake yi.”

Wata rana ina shanya mata tsakanin yatsu ta ce, “Ranar da na cika, ke za ki yi mini wanka. Waɗannan hannunsu kamar masu kankare turmi.” Na ce ta daina wannan zancen. Ta ce ba za ta daina ba sai na ce to. Na ce to, har da rantsuwa, don ta ƙyale ni in gama aikina.

Ana tsakiyar cirar gyaɗa saƙo ya shigo wayata, wani babban asibiti a Kano ya kira ni intabiyu. A makon nan kuma Inna ta daina karɓar koko, numfashinta ya canja. Na karanta wannan numfashin a makaranta, na san shi. Na ce ba inda za ni. Baffa, ƙanen babana da muke gida ɗaya, ya ce wannan shirme ne, yini ɗaya ne fa. Inna ta buɗe ido ta ce, “Tafi ki ba ni wuri, kin ishe ni da ɗumi.” Kafin in fita na ja Baffa gefe na ce, “Don girman Allah, ko me ya faru a kira ni. Ko ina gaban masu intabiyun ne zan taso.” Ya ce insha Allahu.

Na kwana a Karaye gidan Gwaggo, yayar babana, don in sami motar farko. Bayan asuba na fito na tarar da ita ta riga ta shirya, da mayafi, idonta ja. Ta ce hayaƙin murhu ne. Jakarta tana ƙanshin kafur, na ɗauka na kaya ne. Ta tura mini koko da ƙosai tana ta azalzalata, ita da kanta ta raka ni tasha, abin da ba ta taɓa yi ba. A mota na kira Baffa. Ya ce, “Da sauƙi, barci take. Ki natsu ki yi abin da ya kai ki.” A bayansa na ji muryoyin maza, na ce a raina masu cirar gyaɗa ne suka zo karɓar fartanya.

Mu a wurinmu haka ake yi. Mai tafiya, mai jarrabawa, mai tsohon ciki, ba a gaya musu mutuwa sai sun sauka. Tausayi ake kiran abin. Ni ma na sha ganin an yi wa wasu, har na taya rufewa da murmushi, ban taɓa kawowa za a yi mini ba.

A asibitin muka cika dogon benci, kowa da farin kaya da ambulan ɗin takardu a cinya. Wasu na haddar adadin magani, wata na ta addu'a a tafin hannu. Aka karɓe wayoyinmu a bakin ƙofa. Da hantsi aka kira ni. Mutum uku ne a bayan tebur, a tsakiya wata metiron, wato shugabar masu jinya, mai furfura da gilashi a kan hanci. Suka tambaye ni alamomin zubar jini bayan haihuwa, na amsa. Suka tambaye ni lissafin ɗigon ruwan da ake ƙara wa majinyaci, na yi tuntuɓe, na gyara. Sai metiron ta nuna gadon da ke gefe. Wata 'yar roba ce kwance a kai, girman mutum, irin wadda ake koyo da ita.

“Tsohuwa ce, ɓarin jikinta ya shanye,” in ji ta. “Yi mata wanka mu gani.”

Wallahi har na kusa dariya. Baho ba ruwa a ciki, amma na sa gwiwar hannu na gwada. Na yi wa 'yar robar sallama, na gaya mata abin da zan yi. Na rufe ta, na fara da fuska, ina buɗe gaɓa ɗaya ina rufe ɗaya. Ban san lokacin da na koma Hausa ba, ina cewa, “Sannu tsohuwa, kaɗan ya rage, ki daina harara ta.” Da na zo hannun hagu na ɗora shi a baho ina murza wuyan hannun, ina bin yatsun ɗaya-ɗaya, ina shanya tsakaninsu, alhali yatsun roba a miƙe suke. Metiron ta sauke gilashinta ta ce wa na yi wa jinya. Na ce kakata. Ta ce tana raye? Na ce, “Tana nan, barci ma take da na kira.”

Ina fitowa na karɓi waya na kira Baffa. Yanzu kam ya ce jikin ya ɗan matsa, in taho. Wannan maganar ita ma na san ta. Ban san yadda na isa Rogo ba. Mai babur ya sauke ni da la'asar, na hango tabarmi a ƙofar gida, maza jere, takalma birjik. An kai ta tun kafin azahar.

Ban gaida kowa ba, kuma ban ji kunya ba. Na wuce bayan ɗakinta. Ƙasa a jiƙe, ganyen magarya a warwatse, bahon da nake mata wanka an kife shi jikin katanga. Na dawo tsakar gida na ɗaga murya a gaban mata masu gaisuwa. “Na roƙe ku! Da bakina na roƙe ku! Motar Rogo da ta Kano tasha ɗaya suke, Gwaggo, kika sa ni a waccan kika hau wannan!” Ana ta cewa in yi haƙuri, in yi salati. Gwaggo ta ce Inna ce da kanta ta ce kada a dawo da ni. Ko ta faɗa, ko ba ta faɗa ba, har yau ban sani ba. Bakin da ya ce mini hayaƙin murhu ne, da me zan auna maganarsa?

Asibitin sun ɗauke ni. Sunana ya fito, aka yi ta yi mini barka a cikin zaman makoki. Daga baya metiron ta ce wankan nan ne ya sa ta tsaya mini. Na yi shekarata, na iya aiki, ba na raina abin da Allah ya ba ni. Amma ɗakin koyon nan da 'yar robar take, zagaye shi nake yi. Kuma duk sanda ɗan'uwan majinyaci ya miƙo mini waya ya ce in gaya wa 'yarsu ta nesa da sauƙi, sai in mayar masa da wayarsa in ce ba da bakina ba.

Sai bayan sadakar arba'in na iya tambayar Gwaggo abin da ke cina. Muna ɓarar gyaɗa mu biyu a ƙofar ɗakin Inna. Na ce su wa suka yi wankan. Ta ce ita da wata tsohuwa maƙwabciya. Na ce sun ɗumama ruwan? Ta ce sun ɗumama. Na ce hannun fa?

Ta ajiye ƙwanson da ke hannunta.

“Mun ja, mun ja, ya ƙi,” ta ce. “Ga maza na jira a waje. Haka muka sa ta a likkafani da shi a dunƙule.”