Ashe Laifin Kalkuleta Ne

Jiya a ajin lesin a Maradun na ture littafina na ce, “Malam, na haƙura. Lissafin kusurwar nan ba ya shiga kaina.”

Duk alwatikar da na lissafa, amsata daban take fitowa. Ga shi wannan darasin ne ya kayar da ni a jarrabawa, ya hana ni shiga makarantar jinya bara.

Malam ya bi aikina layi-layi, sannan ya karɓi kalkuletar da na aro wurin yayana, ya danna wani maɓalli.

“Sake bugawa.”

Amsa ta fito daidai.

“Hajara, kanki lafiya lau. Wagga aba ce ba a saita ta kan digiri na awon kusurwa ba.”

Wallahi haushi ya kama ni. Wata da watanni ina zagin kaina a banza! Bana in sha Allahu sai na ga bayan jarrabawar nan.

Ku fa, me ya taɓa sa ku raina kanku haka?