Halittun da Ba Su da Leɓe

Shekarunta za su kai sittin da biyar, kuma yadda take bin layi da yatsa ya nuna tsohuwar malama ce. Tana zaune a shagon buga takardu, tana duba littafin da ta rubuta wa jikokinta kan wasu halittu masu bakin tsuntsu. Ta ƙago musu harshe, har da harafin ƙwas ɗin da bakinsu ke yi: ƙugiya mai ɗigo biyu. Kwamfutar ba ta da shi, sai mai bugawa ta sa "b".

"'Yar nan, ba su da leɓe. Da me za su ce 'ba'?"

"Mama, wa zai lura?"

"Jikokina, su da na koya musu harshen."

Ta ari biro, ta fara gyarawa shafi-shafi.