Ɗakin da Malam ya gina wa injin ɗumi

Ni dai kunne Allah Ya ba ni. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina daga kicin zan faɗi motar wa ta tsaya a layinmu na unguwar Levenshulme a Manchester, kuma tun maigidana, Malam, yana bakin ƙofa nake sanin ko ya wuni lafiya, daga yadda yake murɗa makulli.

Shekarar da aka cire mana boilar gas mai ɗumama gida aka kawo injin nan. Heat pump suke ce masa, farin akwatin ƙarfe mai fanka, aka girke shi a ɗan filin bayan gida kusa da igiyar shanyata. Wai daga iskar waje yake tatso ɗumi ya tura cikin gida. Malam ya yi dariya har da tari, ya ce, "A iskar Manchester? To Allah Ya ba shi sa'a." Amma fa ya yi aiki, hunturun farko ko safa ban cika sawa ba.

Ruwan sama ne ya dami Malam. Kafin mu zo ƙasar nan shagon ɗinki gare shi a Kano, kuma janareton shagon kamar ɗansa ya ɗauke shi, ɗaki guda ya gina masa da rufi da kwaɗo. Sai ya tsaya a tagar kicin yana kallon ruwa na dukan injin nan yana girgiza kai. "Mutanen nan ba su san darajar inji ba. Ko akuya ai ba a bari haka."

A lokacin ciwon huhu ya riga ya zaunar da shi a gida. Sai ya sa aka kawo masa katako. Ya buga ƙusa ya zauna ya huta, in kai masa shayi, ya tashi ya kuma bugawa. Ya zagaye injin tsaf, ya yi rufi, ya yi ƙofa, ya huda 'yan ramuka a gefe wai don ya sha iska, ya shafa koren fenti. Ranar da ya gama ya miƙo mini makullin kwaɗon ya ce, "Riƙe, ke ce uwar ɗakinsa." Sanyi na shigowa Allah Ya karɓi abinsa.

Da masu gaisuwa suka watse na zauna takaba ni kaɗai, sai na fara jin injin sosai. Da can sautinsa ɗaya ne, kamar ana tankaɗe a nesa. Yanzu sai ya ja iska da ƙyar, ya ja, ya ja, ya yi shiru har gabana ya faɗi, sannan wani abu ya ƙara kamar ƙanƙara ta tsage, ya dawo da nishi. Haka Malam ya yi numfashi a kwanakinsa na ƙarshe, a ɗakin baya, wanda tagarsa take saitin injin. Ba wai hankalina ya taɓu ba, na san ƙarfe ne. Amma wata rana da hantsi ina tsintar shinkafa ya yi wannan shirun, na ji bakina ya ce, "Sannu, Malam." Ban gaya wa kowa ba. Gaskiya ma ban so ya daina ba.

'Yata ta fari tana Birmingham, nas ce a babban asibitin Edgbaston, mijinta kuma yana bincike a jami'a. Ita ta ɗauki biyan kuɗin wuta bayan rasuwar. Ta kira ni muryarta a sanyaye.

"Umma, bill ɗin gidan nan ya fi na gidanmu da na maƙwabtanmu a haɗe. Gidan burodi kika buɗe ne ba mu sani ba?"

Na ce, "Ke dai Allah Ya shirye ki. Ni da nake kwana da rigar sanyi?"

Daga nan kullum da sabon umarni. Kada in kashe shi a bango in zan kwanta, kamar yadda muka saba yi wa komai a gida, wai kashewa da kunnawar ta fi cin wuta. Na bari. Kada in shanya zannuwa a kan ƙarafan ɗumi na ɗakuna. Na kwashe. In daina buɗe taga bayan na sa turaren wuta, sai na daina turaren ma gaba ɗaya. Surukina ya sa na haska masa allon sarrafa injin da ke bango da waya, ya ce in danna nan, in danna can, har na kashe wani abu da yake ƙara zafin ruwan wanka. Wata ya zagayo, kuɗin bai sauka ba, gidan kuma bai yi ɗumi ba.

Sai ta faɗi abin da nake tsoro. "Umma, ba za mu iya riƙe gida biyu haka ba. Kina fita takaba ki dawo wurinmu nan unguwar Lozells. Ɗakinki a gyare yake."

Na san ɗakin, mai kyau ne, jikokina ma suna so. Amma Malam a Manchester yake kwance. Na ce mata to.

Asabar ɗin da ta biyo bayan fitata suka zo da kwalaye a mota. Surukina ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce kafin a fara haɗa kaya bari ya ga injin da idonsa. Duk zuwansa gaisuwa a falo ya tsaya, bai taɓa leƙa baya ba. Ya fita, ya daɗe. Da ya dawo sai ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hula a hannu, ya kasa kallona.

"Umma, wannan ɗakin katakon, wa ya yi shi?"

'Yata ta ce, "Baba ne."

Na ɗauko makullin, muka fita baya, na buɗe. Bayan injin duk ƙanƙara ce, fara fat, kamar cikin tsohuwar firiza, ƙasa kuma jiƙe sharkaf. Ya yi mini bayani a hankali: injin yana zuƙar iska ya cire ɗuminta ya huro ta da sanyi, to da aka rufe shi, sanyin da ya huro shi yake sake zuƙa. In ya daskare sai ya ci wuta ya narkar da kansa, ya kuma komawa.

Na ce, "Wato shaƙewa yake yi."

Ya ce, "Eh, Umma." Ya ƙara da cewa, "In an cire, ina ga kuɗin zai sauka. In kuma ba kya so a taɓa, wallahi ba wanda zai taɓa."

Na dubi fentin nan. A kusurwa ɗaya ƙusoshin sun karkace, wurin da hannun Malam ya fara rawa. 'Yata tana kuka a bayana ba sauti, amma ina ji.

Na ce, "Hamarsa tana ƙarƙashin bene. Ku zare ƙusoshin a hankali, kada ku fasa mini katako ko ɗaya."

Suka zare. Ni na riƙa karɓar katakon ina jingina shi a bango. Kafin la'asar ƙanƙarar ta zube, fankar ta ɗauka sumul, tana huro wani sanyi da ya ratsa mini zane har ƙashi. Na tsaya ina jiran ya yi shirun nan nasa, bai yi ba.

'Yata ta ce, "Mu ga na wata mai zuwa tukuna, Umma." Suka mayar da kwalayen mota ba komai a ciki. Wata ya zo, ta kira tana dariya ta ce gidan burodin ya rufe. Ina nan Levenshulme har yau, gidan da ɗumi, ranar Juma'a in hau bas in je maƙabarta in gaishe da Malam in dawo.