Inna Hure Mai Shan Kunun Yara

Inna Hure tana shan kunun yaran da aka kawo mata raino, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. A gaban uwar yaro za ta buɗe kwano, ta kafa kai ta sha kusan rabi, ta goge baki da gefen zani ta ce, "Tsamiya ta yi yawa." Wadda abin ya dama sai ta ɗauke ɗanta. Ban san wadda ta ɗauke ba.

Gidanta yana bayan makarantar firamaren da nake koyarwa, a ƙauyenmu na arewa da Bici. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'yar gona irin tamu ta nan, wadda daga tsakiyarta za ka gaisa da maƙwabta huɗu. Ba a hutar da irin wannan gona. In ba taki, ba gero.

Na haifi Maijidda a shekarun da ake layin sabulu da madara, ana kuma sallamar ma'aikata kamar ana tsince wake. Hutun haihuwata ya ƙare, hedimasta ya aiko cewa ko in dawo ranar Litinin ba goyo a baya, ko a sa sunana cikin waɗanda za a rage. Uwata ta rasu, 'yan matan dangi duk suna talla. An ce akwai rangwamen haraji ga mai 'ya'ya, ni dai ban taɓa ganinsa a albashina ba, albashin ma sai ya ga dama yake zuwa.

Na je wurin Inna Hure ranar Juma'a. Na tarar da yara uku a tabarma, na ungozomar asibiti da na malamai biyu. Na tambayi ladan raino.

"Toka da kashin awaki," in ji ta. "Duk sati ki share gidanki ki kawo min."

"Inna, a risho nake girki. Ba ni da akuya."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Gida ba toka ba akuya? To me kuke yi a ciki, Malama, karatu?"

Mijina Tasi'u, wanda yake aiki a dam ɗin Watari, ya je da kansa da kuɗi a aljihu. Ta ce ya mayar. Nairar da za ta sayi kwanon gero da safe, da yamma rabi take saya, amma taki bai taɓa yi mata haka ba.

Ranar Lahadi na sayar da fanteka da langunan aurena, na sayi akuya ja mai ciki. Da safiyar Litinin na goya Maijidda, na ja akuya da igiya, na bi ta gaban ɗalibaina suna dariya, na ɗaure ta a turken Inna Hure.

"Ga mai biyan kuɗin nan," na ce.

Ta taɓa cikin akuyar, ta gyaɗa kai. "Ina kunu?"

"Yarinyar ba ta fara sha ba. Zan riƙa zuwa in ba ta nono lokacin hutun tara."

"Ni na fara," in ji ta.

Haka muka yi shekara uku. Aikina bai tafi ba. Da kananzir ya ɓace, ni ma na koma murhu, toka ta samu, na riƙa kaiwa a buhu. Da damina takan shimfiɗa wa yaran tabarma a gindin ɗorawa tana cirar ciyawa, wanda ya fi rigima yana bayanta. Daga tagar aji ina hango su. Geron gonar ya fi na kowa tsayi, takan nuna wa mutane ta ce, "Wannan albashin Malama Zuliha ne." Tana zagin yaran, tana laƙaba musu suna, Maijidda ita ce Sarkin Kuka. Amma ba wanda ya taɓa ƙonewa ko ya faɗa kududdufi a hannunta.

Yanzu gonar ta zama filaye, an yi gini. Kafin Inna Hure ta rasu, idonta ya tafi, Maijidda ta zo daga Kano da jaririnta muka je gaishe ta. Ita ma hutunta ya kusa ƙarewa, tana ta ƙorafin tsadar gidan raino a birni, tana cewa gara ta ɗauko yarinya daga ƙauye, ta fi araha.

Tsohuwar ta lalubi ƙafar jaririn, ta matsa, ta ce ba laifi.

"Sarkin Kuka," ta ce, "ɗauko duk wadda kika ga dama. Amma ki gaya wa ƙawayenki ma'aikata, ku taimaka ku riƙa dama kunu na mutum biyu. Ni da bakina na sha. Waɗannan yaran da kuke ɗaukowa, kunya za ta hana su sha."